Hannuwan Maginiya

Dakata, Sallau, ka daina jera mini alheran da kuka yi wa ƙaninka. Na ji kun kai shi asibiti, na ji ba ya rasa tuwo. Tun da ka zauna kake cewa ba ya godiya, amma ban ji ka kawo kalma ɗaya da ta fito daga bakinsa ba. Bari in ba ka misali, ko Allah zai sa ya shiga.

An yi wata maginiyar tukwane a wani gari, wadda in ta ɗora wa tulu baki sai ka rantse ba hannu ne ya yi ba. Tana cikin ƙarfinta ciwon ƙwaƙwalwa ya same ta, irin na ƙaninka. Ta riƙa jin ana zaginta alhali ba kowa a wurin, ta ƙi abincin gidan don tana zargin an sa mata wani abu. 'Yan'uwanta ba su yi sakaci ba, suka kai ta asibiti, aka ɗora ta a kan magani, muryoyin suka ja baya. To, daga nan kulawa ta koma tsaro. Aka hana ta zuwa ramin yumɓu kada ta faɗa, aka hana ta matsawa kusa da wutar gashin tukwane kada ta ƙone. In biki ya taso sai a tafi a bar ta, a dawo mata da shinkafa a kwano. Duk wanda ya shigo gaishe ta tambayarsa ɗaya ce, ko har yanzu tana jin muryoyin. Ta ce a'a, ya ce alhamdu lillahi, ya zura takalmansa. Maganarta ma a kanta ake yi tana zaune, sai ka ce ana cinikin akuya. Gida cike da idanu, amma ba wanda ya ga maganin yana sa hannuwanta rawa, har moɗar ruwa sai ta tallabe da hannu biyu. Ta yi ƙiba don zama, suka ce hutu ya karɓe ta. Hutun me, don Allah? Matar da ta tashi da yumɓu a farce, an ajiye ta a kan tabarma tana kallon kaji!

Da abin ya ishe ta sai ta fara ɓoye ƙwayar maganin a ƙarƙashin harshe, in an juya ta tofar a bayan randa. Hannu ya tsaya, ta ji daɗi. Ba a jima ba muryoyin suka dawo da ƙarfin da ya fi na da, har ta fita kasuwa ba mayafi tana faɗa da mutanen da ba su ce mata komai ba. Dangi suka taru, wannan ya ce taurin kai, wancan ya ce butulci. Aka sake kwasarta zuwa asibiti. Yayanta ya buɗe baki zai yi bayani kamar yadda ya saba, likitar ta ce ya saurara, ta juya ga mai ciwon ta ce, "Baba, ke me ya fi damunki?" Maginiyar ta miƙa hannuwanta. Ta ce, "In na sha, waɗannan ne ba sa tsayawa. Ni da ko kasko ba na iya ginawa, wace ce ni a gidan nan?" Likitar ta sauya mata magani, ta gargaɗe ta kada ta ƙara dainawa da kanta, in wani abu ya dame ta ta zo ta faɗa. Ta kuma ce wa dangin su mayar mata da yumɓunta. Suka yi ta gunaguni, amma suka mayar.

Ba zan ce maka ta warke ba. Har yau tana shan magani, wata rana muryoyin sukan leƙo, bakin tulunta kuma bai koma kamar da ba. Amma ranar kasuwa tana zaune cikin 'yan'uwanta magina, tana musu da masu saye, ana tsokanarta tana ramawa. Damina nawa ta wuce ta a banza, don kawai an rasa mai yi mata tambaya ɗaya!

Saboda haka tashi ka koma gida, ka zauna kusa da ƙaninka, ka tambaye shi abin da ya fi damunsa. In ya fara magana ka kama bakinka har ya gama, ko da abin da zai faɗa ba shi kake tsammani ba. Hausawa suka ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.