Ƙarfen Bakin Khairiyya

Wata biyar ke nan rabon Khairiyya da likitar haƙori, alhali an ce ta riƙa zuwa duk bayan mako shida. Shekararta goma sha shida, ɗiyar Malam Abdulgani ce, mai sayar da taki a Gwandu. Haƙoranta na gaba sun hau juna tun tana ƙarama, shi ya sa aka manna mata ƙananan ƙarafa da waya a wani asibitin haƙori a Birnin Kebbi, don su jeru sannu a hankali.

Sai korona ta shigo. Asibitin ya rufe na ɗan lokaci, ya sake buɗewa, likita ta kira har sau uku. Malam Abdulgani ya ƙi.

"Ta sa hannu a bakin mutum ashirin, sannan ta sa a bakin ɗiyata? Ba ta zuwa."

Ita ma Khairiyya ta saki jiki. Tunda takunkumi ya rufe bakin, ba mai gani, sai ta daina bin tsakanin ƙarafan da ɗan buroshin da aka ba ta. Abinci ya riƙa maƙalewa, dasashi ya kumbura yana jini. Rannan tana tauna ƙuli-ƙuli wayar ta ɓalle, tsininta ya shige mata kumatu.

Kwana huɗu kunu kaɗai take iya sha, ga zazzaɓi. Mahaifiyarta Mairama ta durƙusa gaban mijinta.

"Malam, don girman Allah a kai ta Birni. Dubi fuskarta."

"Da wanga zazzaɓi? Su auna goshinta su killace ta, mu rasa ko ganinta? Ƙarfe ne a bakinta, ƙarfe kuwa aikin maƙeri ne."

Ya ɗora ta a babur sai Kalgo, wurin Albarka maƙerin azurfa, abokinsa na ƙuruciya. Albarka ya leƙa bakin, ya ja baya.

"Abdulgani, zobe nika ƙerawa da awarwaro. Ban taɓa aiki cikin bakin mutum ba."

"Kai da ke yanke zobe a yatsan da ya kumbura? Tsufa ne dai ya sa maka tsoro."

Kunya ta kama Albarka. Ya wanke filayarsa da ruwan zafi, ya datse tsinin wayar. Khairiyya ta yi ajiyar zuciya. Da nan aka tsaya, da da sauƙi. Amma uban ya ce a ɓamɓare duka, a huta da zancen Birni.

Ƙarfen farko ya fito da ɓarin haƙori a jikinsa. Khairiyya ta riƙe rigar mahaifinta.

"Baba, a bari! Baba, don Allah!"

"Daure, saura kaɗan," in ji shi, ya danne mata kai.

A na biyu, haƙorin da ya riga ya ruɓe ƙarƙashin ƙarfen ya karye daga tushe. Albarka ya jefar da filayar.

Washegari kumburi ya rufe mata ido ɗaya. Asibitin da aka guda, can aka nufa, Mairama na kuka a mota. An auna goshinsu, an ba su ruwan wanke hannu, likita ta sa sabuwar safar hannu a gabansu. Ba wanda ya killace kowa.

"Haƙoran gaba biyu ba za su tsira ba," in ji likita. "Malam, da kun zo ranar da wayar ta ɓalle, aikin minti biyar ne."

A ranar aka cire mata su.

Annoba ta wuce, kowa a Gwandu ya yar da takunkuminsa. Khairiyya kaɗai ke ɗaure da nata har yau, ko a tsakar gida. Idan za ta ci abinci, bango take fuskanta.

Iyaye, ku ji da kyau: tsoron wata cuta ba hujjar wasa da wadda ke cikin gidanku ba ne. Aikin da likita ya fara, likita ke ƙarasa shi, kuma bakin da takunkumi ya rufe bai daina buƙatar wanki ba.