Sauran Maki Biyu

Maki biyu suka rage wa Maƙeri, kuma dafin kunamar kogo yana cin maki ɗaya a kowane zagaye.

Malama ta gyara tabarau ta sake duba takardar. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana koyar da lissafi kafin ta yi ritaya, ba sai an faɗa mata zagaye nawa suka rage ba.

Wasan na ranar Asabar ne da rana, a teburin cin abinci. Kowa da jaruminsa a rubuce a takarda: ƙarfinsa, makaminsa, da makin ransa. Babban ɗanta, Injiniya, shi ke ba da labari, shi ke riƙe da dodanni, yana jefa musu ɗan ludo mai fuska ashirin a bayan wani kwali da ya tsayar don kada a ga abin da ya fito. Dokar a fili take: maki ya kai sifili, jarumi ya mutu. Tayar da matacce kuwa sai manyan jarumai, su ko mataki na uku ba su taka ba.

Maƙeri jarumin mijinta ne. Da hannunsa ya cika takardar, da bakwai ɗin nan nasa mai kama da ɗaya da ta sha yi masa faɗa a kai. Wata shida ke nan da rasuwarsa. Tun daga lokacin ita ke jefa wa Maƙeri ɗan ludo, kuma ba ta yarda a kwafe takardar a sabuwa ba.

Ta juya wurin 'yarta Nas, wadda jaruminta shi ne mai maganin tawagar. Asirin warkarwa sau biyu ake yi a rana, kuma duka biyun sun tafi tun a ƙofar kogo. Kwalbar magani ɗaya tak suka taɓa mallaka.

"Tana ina?" in ji Malama, ko da yake ta sani.

Tela, ƙanin marigayi, ya sosa ƙeya. "Ai Yaya, ɓeran nan da ya kai wa jarumina hari ba ƙaramin ɓera ba ne."

"Ƙarzane ne ya yi maka. Ƙato da kai, ka shanye kwalba guda saboda ƙarzane."

Saura bandeji. Ana bukatar ɗan ludo ya ba da goma ko sama kafin ya yi aiki. Nas ta hura wa ɗan ludon iska ta jefa. Huɗu. Malama ta buɗe littafin dokoki, ta bi shi da yatsa layi-layi. Hutu yana mayar da maki, amma sai an yi awa takwas, kuma ba da dafi a jiki ba. Gari mafi kusa tafiyar kwana uku ne. Ta koma farkon babin ta sake karantawa.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne ba yau aka fara ba. Sati biyar a jere Maƙeri yana tashi daga wasa da maki ɗaya ko biyu. Kullum sai dodo ya kai masa duka, ɗan ludo ya tsaya a bayan kwali, Injiniya ya yi shiru na ɗan lokaci, biro ya yi motsi, ya sake motsi, sannan a faɗi makin da dukan ya ci. Duk wanda ya taɓa tsaron jarrabawa ya san ma'anar irin wannan shirun.

Injiniya ya yi gyaran murya. "Af, kun ga wani ganye a tsagar dutse, kusa da ƙafar Maƙeri. Kamar maganin dafi ne."

"Wane shafi?" in ji Malama.

"Mama..."

"Babu rana a kogo, ganye zai fito daga ina? Ni ba sadaka nake nema ba, hakkinsa nake nema. Ka gaji da ganin takardar ubanka a teburin nan, kana ƙara wa dodanni lamba a ɓoye, yanzu kunya ta kama ka za ka toshe min baki da ganye. Ɗauke kwalin nan. Duk makin da aka zalunce shi sai an mayar masa, ɗaya bayan ɗaya."

Tela ya buɗe baki zai yi magana, Nas ta take masa ƙafa a ƙarƙashin tebur.

"Mama, don Allah ki karɓi ganyen," in ji Nas. "Mu duka mun yarda akwai ganye."

"Ban yarda ba."

Injiniya ya ɗora tafinsa a kan littafin da yake rubuta lambobin a ciki. Mutum mai 'ya'ya uku, amma da ta miƙa hannu ta kalle shi ta saman tabarau, sai ya saki. Ta ture kwalin gefe, ta zaro jan biro daga jaka, ta ce duk abin da ta samu a ciki shi ne hukunci, kuma babu mai ɗaukaka ƙara.

Ita ta hore shi tun yana firamare: ba a goge kuskure, layi ɗaya ake ja a kai don mai dubawa ya ga abin da aka fara rubutawa. Bai taɓa bari ba. Ga lambobin nan a jere, kowacce da layi a kanta, da wata a gefenta. Ta koma baya shafi biyar, zuwa ranar da ta fara zarginsa, lokacin Maƙeri yana da maki goma sha biyu.

Lambar dukan da ya faɗa musu a ranar goma ce. Wadda ke ƙarƙashin layin, wadda ɗan ludo ya bayar, goma sha tara ce.