Ƙarafan Motar Mahaifinta

Tunda kana shirin gyara kayan wani ba tare da ka tambaye shi ba, bari in ba ka misali. Wani mutum ne matarsa ta gaji tsohuwar motar mahaifinta, irin mai faffaɗar bamba da siraran ƙarafan ado a gefe. Gonaki da gida duk 'yan'uwanta maza ta bar wa, motar kawai ta roƙa. Da ta haihu ta tafi wankan jego wajen mahaifiyarta, sai mijin ya ƙudura ranar arba'in a cikin motar nan zai ɗauko ta, motar tana walƙiya. Ya kai motar gareji ya ce a fesa wa ƙarafan adon fenti ruwan gwal mai sheƙi. Mai fenti, dattijo ne, ya shafa ƙarfen ya ce irin wannan ba a yi masa fenti, wankewa ake yi a goge da tsumma mai laushi, haskensa ya dawo da kansa. Fenti ba zai kama shi ba sai an kankare da sanfefa, abin da sanfefa ta ci kuwa ba ya dawowa. Ya ƙara da cewa akwai wasu zane-zane ƙanana a ƙarfen ƙofar direba, ya kamata a duba. Mutumin ko sunkuyawa bai yi ba, ya ce ai ƙarzunan ne ma suka fi ɓata motar, a fara da su.

Ranar arba'in ya tsaya a ƙofar gidan surukarsa, ƙarafa na ɗaukar ido, yara sun kewaye motar suna tafi. Matar ta fito da jaririya a kafaɗa, ta tsaya cak. Ba ta yi masa sannu da zuwa ba. Ta nufi ƙofar direba ta durƙusa cikin sabon leshinta, tana bin ƙarfen da ɗan yatsa daga wannan baki zuwa wancan, ta koma ta sake, ƙarfe sumul kamar faranti. Mahaifiyar ce ta dafe ƙirji ta yi salati, sannan ta ce, "Ɗan nan, me ka yi? Duk ranar suna Malam da ƙusa yake rubuta sunan jaririn a nan. Su bakwai ne, har da biyun da muka binne." Sai a lokacin mijin ya lura da ƙusar da ke damƙe a hannun matarsa, wadda ta tanada don ta ƙara sunan 'yarsu a ƙarƙashin nata. Ya jingina da motar. Ita kuwa ta miƙe, ta gyara wa jaririyar mayafi, ta koma cikin gidan uwarta.

Soyayya ce ta kai shi, ba mugunta ba, amma bai tambaya ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira a rasa ido.