Harsashin da Ya Shiga ta Baya

Litinin ta biyar ke nan a jere mutumin yana jingine kekensa a gindin bishiyar bedi, ya shigo buro, wato ofishin tsofaffin sojoji na Maradi, ya tsaya ƙiƙam a gaban teburin Tahira. Ga kujera nan, amma ba ya zama sai an ce ya zauna.

Shekara tara Tahira tana riƙe da takardun buron nan, babu irin ɗan cuwa-cuwar da ba ta gani ba. Wannan kuwa tun ranar farko hankalinta bai kwanta da shi ba. Ya ce sunansa Maidawa, manomi ne daga Tsibiri. Ta tambayi sunan yanka, ya ce ai da wannan kowa ya san shi. Ta nemi katin shaida, ya shafa aljihu ya ce ya manto. Kullum sai ya manto!

Buƙatarsa ɗaya ce: a gyara dosiyen Kaporal Sha'ibu Gado na Jiratawa, wato takardun aikinsa na soja. Ba ɗan'uwansa ba ne, ba surukinsa ba.

Dosiyen kuwa babu daɗin karantawa. Shekara goma da suka wuce, a wani artabu can gabas bakin tafki, an rubuta cewa Sha'ibu ya harbi ƙafarsa da kansa don a janye shi daga fagen daga. Aka sallame shi a wulaƙance. Mai rahoton shi ne shugaban rukuninsa, Sarjan Abdulmutallib Ya'u, wanda aka maƙala wa lambar yabo saboda ya ciro mutum biyu daga cikin wuta a wannan rana. Sa hannunsa na nan a ƙasan takardar, da wata doguwar jela mai lanƙwasa kamar lauje. Tahira ta kalle ta har ta haddace.

"Ƙarya ce aka rubuta, ɗiyata," in ji Maidawa. "Ta baya harsashin ya shiga."

"Kai ina ka sani, Baba?"

Ya sunkuyar da kai yana murza hularsa.

To, ita Tahira ba a yi mata haka. Ran Asabar ta hau kabu-kabu sai Jiratawa. Ta iske Sha'ibu kwance a rumfa, ciwo ya cinye shi sai ƙashi da ido. Matarsa Tasalla ta ɗage masa zane. Ga tabon: ƙaramin rami a bayan sha-raɓa, ƙatuwar yagewa ta gaba. Ko mahaukaci ba ya lanƙwasa hannu ya harbi kansa ta nan.

Sha'ibu ya ce shi ne ya ciro mutum biyun nan daga wuta, yana goye da na biyun harsashi ya same shi. Ya faɗa tun a lokacin, amma wa zai bar maganar sarjan ya ɗauki ta kaporal? Yanzu har jikokin maƙwabta "Harbi-kanka" suke ce masa. Ba abin da yake so a duniya sai kada a binne shi da wannan suna.

Maidawa fa? Babu wanda ya taɓa jin sunan a gidan. Tasalla ta ce su dai ba su da kowa sai Allah, sai kuma wani bawan Allah da ke aiko musu damin hatsi goma kowace kaka, mai amalanke ya sauke ya juya, ba ya faɗin wanda ya aiko.

Tahira ta dawo gida zuciyarta na tafasa, tausayi a gefe, zargi a gefe. Maganar harbi ta baya ba ta cikin dosiye. Mutumin da iyalin ba su sani ba, wa ya faɗa masa? Ta yanke cewa ɗayan biyu ne: ko ɗan damfara ne mai neman cin wani abu da sunan mara lafiya, ko kuma sarjan ɗin ne ya turo shi ya shinshino abin da ke cikin takardun. Daga ranar ta riƙa kulle dosiyen a durowarta.

Ran Litinin ta tare shi tun bai gama sallama ba.

"Baba, ka daina wahalar da kekenka. Ka'idarmu, rahoto ba ya warwaruwa sai da hannun da ya ɗaura shi. Sarjan ɗin ya zo da ƙafarsa, ya ƙaryata kansa a rubuce, ya maido lambar, a kira sunansa gaban tsofaffin sojoji a tsige shi. In ka isa, kawo shi."

"Ba wata hanya sai wagga?"

"Babu."

Ya daɗe yana kallon durowar, sannan ya fita. Litinin ta zagayo bai zo ba. Ta biyu ma shiru. Tahira ta ce wa abokan aikinta, ai dama ta faɗa, ɗan cuwa-cuwa ba ya son a ambaci ka'ida. Sai dai ta ji daga Jiratawa cewa Sha'ibu ya daina cin abinci, abin ya tsaya mata a rai.

Litinin ta uku sai ga keke a gindin bedi. Ya sha aski, ya sa farar riga wankakkiya. Wannan karon bai jira an ce ya zauna ba. Ya ajiye wani ƙullin tsumma a kan tebur, ya yi ƙara kamar ƙarfe.

"Sha'ibu yana da rai?" in ji Maidawa.

"Har jiya dai."

"Alhamdu lillahi. Ba ni farar takarda da alƙalami, ɗiyata."

Ta miƙa masa tana hararar hannunsa, wai ta ga yadda manomi zai yi da biro. Ya rubuta layi shida da faransanci tsaf, bai tsaya tunani ba, kamar wanda ya shekara goma yana bitarsu. Ya kwance tsumman, lambar yabo ta faɗo. Ya ɗora katin shaidar da kullum yake mantowa a kanta.

Sannan ya ja biron a ƙasan takardar, Tahira na kallo doguwar jelar nan ta fito, ta lanƙwasa kamar lauje.