Fim Ɗin Da Safiyatu Ke So

Kwaɗon da Mai Unguwa Mati ya riƙo sabo ne fil, kuma Tasi'u ya san ƙofar da aka sayo wa shi. Shagon Tasi'u na cajin waya da tura fim bai fi akurkin kaji girma ba, amma sai da ya sayar da sa ɗaya tilo da yake huɗa da shi kafin ya sayi sola da tsohuwar kwamfuta. A shekarar da kwanon gero ya gagari har mai gona, wannan shagon ne ke ɗora tukunya a gidansu.

Wani fim na Turawa ne ya jawo, irin wanda ake yi wa fassarar Hausa. 'Yan makaranta sun shiga daji yawo, wani mai adda yana bin su ɗaya bayan ɗaya, mai fassara kuma yana zuba barkwanci a kan kowace gawa. Kan mutum ya gangara ƙasa, sai ka ji ya ce, "Wannan ya huta da aski." Samari kan yi dariya har da riƙe ciki.

Malam Khalilu na Islamiyya ne ya kai ƙara, kuma ba don neman fitina ba. Ɗalibarsa Safiyatu, 'yar shekara bakwai mai tallan gyaɗa, ta yi sati uku kullum tana ajiye farantinta a bakin shagon, ta miƙa ƙullin gyaɗa ɗaya, a kunna mata fim ɗin. Har an ce an gan ta tana murmushi.

Yarinyar a hannun gwaggonta Luba take. Hutu ta zo daga can yamma, in ji Luba, hutun da ya cinye damina har ya shiga kaka. Kowa yana fama da cikinsa, babu wanda ya tambaya. Ba ta surutu, ba ta wasa, a aji ma kusa da ƙofa take zama.

Mai unguwa ya ce gani ya kori ji. A kirawo Safiyatu, a kunna a gabansa. In ta tsorata, yarinya tana nan a yarinya, Tasi'u zai sha faɗa a wuce wurin. In kuwa ta kalli jini ko gezau, fim ya busar mata da zuciya, kwaɗo zai yi aikinsa. Tasi'u ya buɗe baki, aka ce masa mai laifi ba ya tsara shari'arsa.

Ana saukowa daga azahar aka kawo ta. Luba ta biyo baya da hijabi a karkace, takalmi ƙafa ɗaya.

"Ku bar ta, Malam, don girman Allah," in ji ta. Kowa ya ɗauka kunyar taro take ji.

Tasi'u ya kunna. Tunda yake bai taɓa roƙon Allah ya sa yaro kuka ba sai ranar.

Adda ta sauka a kan na farko. Mai unguwa ya yi a'uzubillahi ya kau da kai. Aka sare na biyu, jini ya wanke fuskar kwamfutar, wani dattijo ya fita yana tofar da yawu. Safiyatu tana tsaye da farantinta a ka, tana kallo kamar mai kallon awaki na cin harawa.

Wani babur ya wuce ta bayan shagon. Yarinyar ta zabura, gyaɗa ta zube, ta cakumi hijabin gwaggonta. Zuciyar Tasi'u ta yi fari, ya ce ga tsoro ya zo. Amma ƙarar na yin nisa ta mayar da ido kan fim ɗin, babu ko ɗigon hawaye.

"Kun gani?" in ji Malam Khalilu. Tausayi ne ya cika muryarsa. "'Yar shekara bakwai."

Mai unguwa ya zura kwaɗon a marfin ƙofa.

"Ranka ya daɗe," Tasi'u ya ce da ƙyar, "ita fa ba nan take kallo ba. Kullum ƙarshe take cewa in kai mata."

Wannan ya fi muni, don kowa ya ji labarin a ƙarshe ne ake yin kisan da ya fi kowane. Mai unguwa ya ce a kai su gani, hannunsa yana kan kwaɗon.

Tasi'u ya ja fim ɗin, ya wuce kisan ƙarshe, ya wuce wurin da samari ke tashi su watse, har inda rubutu ke hawa sama. A gefen rubutun akwai ɗan hoto na yadda aka shirya fim ɗin. Gawawwaki a zube cikin jini. Wani mutum da ba a gani ya daka tsawa da kalma ɗaya ta Turanci, sai duk suka tashi zaune. Yaron da aka yanka ya goge wuyansa, aka miƙa masa lemo, mai addar ya rungume shi suna dariya.

Safiyatu ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ga murmushin da ake faɗa. Leɓɓanta suna motsi a hankali.

"Mayar," ta ce wa Tasi'u.

Malam Khalilu ya tsuguna a gabanta. "Safiyatu, me kike nema a nan?"

Luba ta toshe bakinta da hijabi, ta juya wa jama'a baya.

"Kalmar da mutumin nan yake faɗa nake so in haddace, Malam," in ji yarinyar, idonta na kan hoton. "Ranar da masu babura suka shigo garinmu, yini na yi ina kiran Baba da Inna da Huseina, babu wanda ya tashi, don ban san ta ba."