Tsohon da Ya Yi Karatu a Bakin Labule

Kai da kake ce mini ka tsufa da zama gaban malami, gyara zama ka ji wani misali.

An yi wani tsoho mai ba dabbobi abinci a gidan namun daji na wani gari. Shekara talatin yana wannan aiki. Akwai wata giwa da aka kawo tana 'yar ƙarama, shi ya raine ta da madara a bokiti, har ta kai ba ta karɓar rake a hannun kowa sai nasa. Aibinsa ɗaya ne, bakinsa bai iya furta "ban sani ba". Duk abin da 'yan kallo suka tambaya, amsa tana nan a shirye. Ya ce raƙumi ruwa yake tarawa a tozo, ya ce kada ba shi da harshe, ya ce kura bana namiji ce baɗi mace. Yadda ya ji a bakin kakanni haka yake zubawa, ana gyaɗa masa kai albarkacin furfura. Ran nan wata malama ta kawo ɗalibanta, ya soma zuba, ta tsayar da shi ta warware zancen tas a gaban yara. Magana ta kai kunnen sabon shugaban gidan. Ya kira tsoho ya ba shi wata uku, ko ya iya amsa tambayar baƙi daidai, ko ya ajiye bokiti ya koma gida. Ba korar ce ta tsaya masa a rai ba, tunaninsa wa zai bar wa giwar nan.

To, ga inda gizo ke saƙar. Tsohon nan ko bihim bai sani ba a boko, kuma kaf unguwar mai ilimin dabbobi guda ce, matar ɗansa na fari, malamar sakandare. Ka dai san kunyar surukai a wurinmu. Shekara takwas tana gidan, bai taɓa kama sunanta ba, bai taɓa cin abinci tana gani ba, in ta durƙusa gaishe shi bango yake kallo. Kwana uku yana kai da komo a zaure. A na huɗu, bayan la'asar, ya ɗauki buzunsa ya shimfiɗa a ƙofar ɗakinta, ya yi gyaran murya, ya fuskanci labule ya ce, "Masu ɗakin nan, me ke cikin tozon raƙumi?" Can ta amsa daga ciki, "Kitse ne, Baba."

Tun daga ranar bai yi fashi ba. Matarsa ta ce ya zubar da girma, abokan majalisa suka sa masa suna ɗalibin labule, ya toshe kunne. A nan ya ji cewa giwa wata ashirin da biyu take ɗauke da ciki, ƙasusuwan wuyan raƙumin dawa bakwai ne kamar na ɗan Adam, kada kuwa yana da harshe, a manne yake a ƙasan baki. Abin da ba ya cikin littafinta ya bi shi kasuwar kara, inda ake cinikin dabbobi. Ya tsuguna gaban Fulani ya koyi sunayen namun daji da Fillanci, ya tambayi Buzaye yadda ayarin raƙuma ke ɗauko gishiri daga Bilma. Da yake ba ya rubutu, giwar yake biya wa karatun da safe yana miƙa mata rake. Ya manta, ya koma, ya sake mantawa, ya sake komawa.

Da wa'adi ya cika, shugaba ya tara ma'aikata da baƙi, aka yi ta jefo tambaya tsoho na amsawa. Sai wani baƙo ya tambayi haƙoran kada nawa ne. Wallahi amsar ƙarya ta zo masa har leɓe, irin ta da, kuma da ya faɗa da wuya a sami mai musu. Ya haɗiye ta, ya cire hula ya ce, "Wannan ban sani ba, ranka ya daɗe. A ba ni zuwa gobe in tambayo." Shugaba ya dube shi, ya ce mai irin wannan amsa shi yake nema. Tsoho ya ɗauki bokitinsa ya nufi wurin giwa, hawaye na bin gemunsa don murna, ko sharewa bai yi ba.

Kai ba labule aka ce ka zauna wa ba, aji ne da benci, kuma furfurarka ba ta kai rabin tasa ba. Tashi ka je. Hausawa sun riga sun gama magana: gemu ba ya hana ilimi.