Hoton Ranar Litinin

Ka ce hoton ƙirjin mahaifinka ya fito fes, ni kuwa ga shi ina jiyo tarinsa tun daga zaure. Ajiye hoton tukuna, in ba ka labarin wani mai ɗaukar hoto da na sani. Shekara talatin yana sana'ar, biki da suna da fasfo na maniyyata, kuma ba shi da magana sai hoto ba ya ƙarya. Wata damina mura ta kama matarsa, ta sauka mata a ƙirji. Ranar Litinin ya kai ta asibiti aka yi mata hoto. Likita ya ɗaga a gaban fitila, ya ce bai ga komai ba tukuna, amma irin ciwon huhun da mura ke jawowa yakan yi kwanaki bai nuna a hoto ba, don haka in numfashi ya yi mata wuya a dawo da ita ko gobe ne. Mutumin nan "bai ga komai ba" kawai ya ɗauko, sauran maganar ya baro ta a kan bencin asibiti. Shi da ya tsufa yana wanke hoto da hannunsa, wa zai koya masa duba hoto? Ya zo gida ya rataye shi a taga inda rana ke ratsa shi, haƙarƙari a jere reras, duk wanda ya zo dubiya sai ya nuna masa.

Laraba matar ta kasa kai tsintsiya ƙarshen tsakar gida. Alhamis ta yi azahar a zaune, tana hutawa tsakanin Fatiha da sura. Da ta sallame ta ce masa, "Malam, iskar nan ba ta kai mini ƙasa." Ya ce ai ga ƙirjinta can a taga, ta duba da idonta, ragowar mura ce. Kada ka ce mugu ne. Wallahi yana son matar nan, shi ke dafa mata citta da kanumfari, shi ke tura mata filo a baya. Abin da ke ci mini rai ke nan har yau. Mutumin da ya fi kowa sanin cewa jaririn da ya ɗauki hotonsa ranar suna tuni ya yi gemu, shi ne ya kasa gane hoton Litinin na Litinin ne. Sai Asabar da hantsi, da ya ga leɓunanta sun yi duhu, tana fitar da magana ɗaya-ɗaya, sannan ya nemo mota. A asibiti sabon hoto ya fito fari fat, huhun duka biyu, kamar an watsa gari. Wannan karon bai jira likita ya yi masa bayani ba. Aka sa mata iska ta hanci, ta kai Lahadi da la'asar, Allah ya karɓi abinsa. Ya rufe shago, bai sake ɗaga kyamara ba. Na sha wuce shi zaune a ƙofar gida, in gaishe shi, ya amsa ba tare da ya ɗago ba. Ta faɗa masa da bakinta tun Alhamis, kuma duk duniya ba mai dawo masa da Alhamis ɗin nan. Shi ya sa Hausawa suka ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.